Mai Sabulu a Gaban Kwamiti

Shekara da shekaru Mai Sabulu tana dafa sabulu a wani tsohon sito bayan tashar mota, ita da ƙanwarta da wasu mata ƙalilan. Da sabulun ya karɓu sai na jabu ya fito: takarda iri ɗaya, hoton fure iri ɗaya, amma in ka yi wanka da shi fata ta yi ta raɗaɗi. Wata mata ta taɓa zuwa har sito, ta ɗaga rigar jaririyarta, bayan yarinyar duk ya saɓule.

Shi ya sa da Shugaban ƙungiyar masu masana'antu ya ce yana son ganinta, ta je. Mutum ne mai kamfanin lemo da na man shafawa, wanda a taron ƙungiya bai taɓa amsa gaisuwarta da baki ba, sai dai ya ɗaga yatsu biyu. Yau kuwa har ƙofa ya taso, turarensa ya riga shi isowa.

"Yaya, ke ce bakinmu," in ji shi. "Muna neman majalisa ta tsaurara doka kan masu jabu. In mu muka yi kuka, cewa za a yi ƙoshi ne ya dame mu. Amma ke..." Ya dubi hannuwanta da soda ta farfasa. "Ranar kada ki shafa mai. A gan su yadda suke."

Lauyansa, wani siriri mai haɗiye rabin kalma, ya ƙara da cewa in ta zo kan labarin jaririyar nan a gaban majalisa ta ɗan dakata, in hawaye ya taho kada ta tare shi. Ta dube shi sama da ƙasa. Dokar take so, don haka ta haɗiye.

Ranar zaman kwamitin majalisa aka ba ta kujerar gaba. 'Yan majalisar na ta latsa waya, ɗaya yana gyangyaɗi, sai da masu kyamara suka shigo kowa ya gyara zama ya ɗaure fuska irin ta mai kishin talaka. Ta faɗi abin da ta gani, ba ta yi kuka ba. Aka tafa. Shugaba ya share idon da babu komai a cikinsa.

Sannan lauya ya miƙe ya karanta dokar da suke nema. Duk kaya sai an manna masa wani hatimi mai ƙyalli, kamfani ɗaya tak zai riƙa buga shi. Ba a sayar da hatimin sai ga masana'antar da ke da ɗakin gwaji nata na kanta. Abin da ba shi da hatimi jabu ne, a kwashe shi, a ɗaure mai shi.

Wani mai yin kyandir da ke zaune bayanta ya sunkuyo ya raɗa mata, "Kamfanin hatimin fa na surukin Shugaba ne."

Ta ɗaga hannu. Mai gyangyaɗin nan ya ce lokaci ya ƙure, abinci na jira.

A baranda ta tare Shugaba.

"Ni ina na ga ɗakin gwaji? Ka kawo ni nan in roƙa da bakina a kira sabuluna jabu?"

"Haba Yaya, ai mun yi tunaninki," ya ce yana murmushi. "Ki ba mu sunan sabulun da yadda kike haɗa shi, mu riƙa yi a wurinmu. Ke ki huta."

"Mai yi min jabu a lungu dai ɓuya yake yi, da sauran kunya a idonsa," in ji ta. "Kai kuwa da lauya da kyamara ka zo. Kuma kada ka ƙara ce min Yaya, uwata ba ta haifi irinka ba."

Ya yi dariya don mutanen da ke wucewa, ya shige wurin abinci.

Doka ta wuce. Kafin a je ko'ina na jabun ya dawo kasuwa da hatiminsa, har ya fi na surukin ƙyalli. Masu kame ba su gano inda ake yin sa ba, amma sito bayan tasha ba shi da wuyar samu. Suka zo suka garƙame shi, ɗayansu har ya cusa sabulu a aljihu, wai matarsa ba ta amfani da kowanne sai shi.

Mai Sabulu ta koma tsakar gida tana dafa sabulun ruwa, tana kai wa masu wanki da guga a jarka, babu suna, babu takarda. Wata rana suna dawowa da ƙanwarta suka ga ƙaton allo a mararraba: hotonta ne, hannuwa a buɗe, an rubuta a ƙasa cewa ƙungiya ta ceci ƙananan masana'antu.

"Yaya, ki kai su ƙara mana!" in ji ƙanwar.

Mai Sabulu ta ja tsaki, ta gyara riƙon jarkarta. "A gaban wa? Taho mu tafi, masu wanki na jira."