Tulun da Inna Ta Bari

Kafin Inna ta rasu ta bar mini tulu ɗaya na prahok, kifin nan da muke dannewa da gishiri ya yi watanni a rufe. Ta ce kada in buɗe sai jikanta Visal ya zo, mu ci tare a gindin matakalar tsohon haikalin Bakong, inda ta shekara talatin tana sayar da shinkafa. Shekara biyu ina gadin tulun nan kamar jinjiri.

Ni na haifi Visal, amma da ya sauko daga motar Phnom Penh, babban birninmu, gashi a rine ja, waya a kan sanda, sai da na sake dubansa.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar giwar dutse, na jera shinkafa da ɗanyen yalo. Na fara ɗibar wa Inna rabonta a ganyen ayaba, na kunna mata turare kamar yadda muke yi wa mamatanmu, sannan na tura masa tulun.

"Dakata, Mama, in kunna waya."

Ya toshe hanci, ya zare ido, ya shiga zuba wa masu kallonsa ta waya Turanci.

"Kai, me kake gaya musu?"

"Cewa na yi yau zan ci abincin da ya fi kowanne wari a duniya. Turawa na son irin wannan. Ki ɗan yi dariya mana, Mama!"

Ya lakato da yatsa ya kai baki, ya yi ta kakarin amai na ƙarya, ya tofar. Yawun ya sauka a ganyen Inna.

Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba, kuma ɗan cikina. Yaron da aka yaye da prahok, wanda kakarsa ke goyawa a kan matakalar nan!

Yana can yana surutu da wayarsa na rufe tulun, na zagaya bayan haikali, na miƙa wa wata tsohuwa mai askakken kai da ke share wurin. Ta shinshina, ta karɓa hannu biyu ta tafi.

Na dawo na tarar ya kashe wayar, yana tsotsar yatsa, idonsa ya ciko.

"Mama, hannun Kaka ne sak. Zubo mini in ci na gaske yanzu."

Na fara naɗe tabarma.

"Naka ka riga ka ci," na ce. "Ga shi can a kan ganye."