Wanda Ya Kashe Mai Shara

Ranar Litinin Manaja ya ce wa Injiniya, matar da ta shekara tara tana kula da rumbun bayanan kamfanin, ta tattara kayanta kafin Juma'a. Wai rumbun ya cika, komai tafiyar hawainiya yake. Wa ya kitsa masa? Mai Taye mana, sabon shugaban masu rubuta manhaja, wanda ya ce a gaban kowa ai aikin ya fi ƙarfin baiwar Allah.

Abin ya ci mata rai, ta rantse sai ta rama. Ta shige ɗakin injina mai sanyin tsiya, ta bi teburan bayanan da ke cikin rumbun ɗaya-ɗaya tana aunawa. Teburin odar masu saye ya cinye giga ɗari huɗu, amma bayanan da ke raye ba su kai sittin ba. Sauran duk matattun layuka ne, an goge su amma suna nan sun tare wuri. Fihirisarsa ma, wadda ake lalubo bayanai da ita, ta kumbura suntum. To ina mai shara, manhajar da ke kwashe irin wannan tarkacen? An kashe ta tun wata uku, da sunan Mai Taye ɓaro-ɓaro.

Ta adana hujjarta, ta jira Juma'a.

Ranar Juma'a a ɗakin taro ta bar Mai Taye ya gama zuba. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa saitin rumbun nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Ta haska allo. Ga awo, ga rana, ga suna. Manaja ya janye takardar sallamarta daga kan tebur ya tura aljihu, sai ka ce ba a gan shi ba.

"Injiniya, taimaka ki kunna mana mai sharar nan."

"A'a, yallaɓai. Wanda ya kashe ya kunna."

Mai Taye ya zauna gaban kwamfuta. Ashe kwafo umarnin ya yi daga intanet don aikinsa ya yi sauri, bai ma san hanyar komawa ba. Gumi ya jiƙa masa kwala. Can ya waigo, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, don Allah…"

"Ɗaga murya," in ji ta. "Na baya ba su ji ba."