Hannun Tafinta

Ni dai rakiya aka ce in yi, ban san da ciwon kai zan dawo ba.

Yayana kurma ne tun haihuwa. Kafinta ne, irin wanda in ya haɗa maka ƙofa sai dai bango ya faɗi ya bar ta a tsaye. 'Yarsa ɗaya tak, uwarta ta rasu tana rarrafe. Tun kafin ta shiga firamare ita ce kunnensa, ita ce bakinsa. Mai son kujera ya zo, ita. Likita zai yi bayani, ita. Har faɗa da maƙwabci ta bakinta ake yi. Shi ya sa unguwa ta manta sunanta, kowa Tafinta yake ce mata. Ni kuwa, ƙanwarsa ciki ɗaya, a maganar hannun nasu abin da na sani bai wuce “zo”, “ci”, “babu” da zage-zage ba. Aure ya ɗauke ni da wuri, da yarinyar ta taso kuma sai duk dangi muka miƙe ƙafa.

Makarantu biyu ne suka ɗauke ta. Ɗaya a garinmu, bayan tashar mota, da ƙafa ma za ta je ta dawo, amma aikin ofis suke koyarwa, abin da ko a mafarki ba ta so. Ɗayar kuma tafiyar yini guda ce, can ne ake koyar da haɗa magunguna, abin da take ta zancensa tun tana ƙarama har muka gaji da ji. Yaya ne ya kafe sai an je an ga ta nesan da ido kafin ta zaɓa.

Wata ɗaliba aka haɗa mu da ita ta zaga da mu, doguwa, mai fara'a, bakinta ba birki. Ta fara kai mu ɗakin gwaje-gwaje. Dogayen tebura ne farare, kowanne da famfonsa, kwalabe jere a kanta, ga wani wari mai shiga hanci. Na ga Tafinta ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta taka a hankali ta ɗora tafin hannunta kan tebur ta shafa, ta manta da mu gaba ɗaya, sai da ubanta ya taɓa kafaɗarta yana neman a gaya masa abin da ake cewa.

“Kowane ɗalibi da gurbinsa a nan,” in ji ɗalibar. “Kayan aiki kuwa sai wanda kika zaɓa.”

Tafinta ta juya ta ɗaga hannu. Ban bi komai ba, amma na ga “babu”, na sake ganin “babu”. Yaya ya haɗe gira. Na ce a raina wataƙila ni ce ban iya ba.

A ɗakin kwanan ɗalibai ne abin ya fito fili. Yaya ya shiga sana'arsa: ya ƙwanƙwasa gado, ya girgiza tagar, ya buɗe ƙofa ya rufe yana duba sakata. Ɗalibar tana ta zuba, wai ruwa ba ya yankewa, akwai mai gadi dare da rana, tunda ta zo ko cokali ba a taɓa ɗauke mata ba. Sai na ga hannun Tafinta ya yi “ɓarawo”. Ya yi “ƙazanta”. Ai waɗannan kam na san su, da su Yaya yake tsokanata muna yara!

Da muka fito baranda na bari ya yi gaba, na ja ta baya.

“Ke, me kike gaya wa ubanki?”

“Abin da aka ce mana.”

“Ƙarya kike! Yaushe aka ce akwai ɓarayi?”

Ta kalli bayansa. Sai ta ce, “Gwaggo, in na taho nan, wa zai raka shi asibiti? Ranar da zarto ya kusa cire masa yatsa, ni na tsayar da allurar da jikinsa ba ya so. Kin san wacce ce?”

Ban sani ba.

“To ki bar ni. In ya ce wurin bai yi ba, shi ke nan, ba wanda ya hana wani. Shi ba zai ji nauyi ba, ni ma na huta.”

Raina ya ɓaci, amma ban tona mata asiri ba. Wallahi har wani sanyi na ji, don na san in yarinyar nan ta tafi, kayan da take ɗauke da su kaina za su sauka, ga nawa gidan, ga nawa yaran.

Ɗalibar ta sallame mu a gaban ɗakin karatu, ta ce mu yi shawara. Akwai wani benci na siminti a gindin bishiya, Yaya ya zauna, ya nuna wa 'yarsa gabansa ta tsaya. Sai ya fara magana, hannu da sauri, har yana bugun ƙirjinsa. Ita kuma, tsabar sabo, bakinta ya kama fassara da kansa, kamar yadda take yi wa masu sayen kujera.

“Yana cewa shi kurma ne, ba makaho ba. Ya ce fuskar yarinyar can dariya take, hannuna kuma ɓarayi yake kawo masa. Ya ce ya ga yadda na shafa teburin nan.” Ta ci gaba. “Ya ce duk abin da ya sani na duniya daga hannuna ya ji shi, bai taɓa tambayar kowa ko gaskiya ne ba. Yanzu bai san tun yaushe na fara ba. Ya ce nan zan yi karatu. In na zauna a gida saboda shi, ba zai ƙara kallon hannuna ba har ya mutu.”

Ta ɗaga hannu za ta ba shi amsa. Ya rufe ido.

Kai, ban taɓa ganin abu mai ciwo irin wannan ba. Yarinya tsaye a gaban ubanta tana ta magana da hannu, tana rantsuwa yau ne farko, tana roƙo, hawaye na zuba, shi kuwa ido a rufe gam. Ta girgiza gwiwarsa, bai buɗe ba. Ɗalibai suna wucewa suna waiwaye. Sai da ta gaji ta sauke hannu, ta tafi ofishin rajista ita kaɗai, sannan ya buɗe idon, ja wur.

A tasha, muna jiran mota ta cika, ya juyo gare ni. Ni, ba ita ba. Ya yi wata alama, ya nuna ni, ya nuna kansa, ya juya yatsu. Na miƙa masa ruwa, ya ture. Na nuna masa hanyar bayi, ya girgiza kai. Ya sake yi a hankali, yadda ake yi wa yaro, zufa na keto masa. Tafinta tana gefe ta cusa hannayenta a hammata.

“Ke, don Allah, me yake cewa?”

Ta buɗe baki, ya ga leɓenta ya motsa, ya ɗaga mata tafi. Ta fasa. Ya sake maimaita min. Na yi masa murmushin wauta na gyaɗa kai, ya kuwa gane ban gane ba, ya sauke hannunsa kan cinya.

Sai da mota ta hau titi, ta juya fuskarta wajen taga yadda ba zai ga bakinta ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Cewa yake ki riƙa zuwa shago da yamma, zai koya miki, ba wuya.” Ta share hanci da bayan hannu. “Gwaggo, ko wannan ba ki gane ba. Wa zan bar wa shi?”