Idon Hagu

Kwana uku da cire mini bandeji daga idon dama, na tura wata ƙofa a bayan ofishin ɗana ina neman buta. Mutum shida na tarar kewaye da tebur, da rana, ana gab da la'asar. Hayaƙin sigari, fanka tana juyi, daloli a tsakiya kamar an watsar da ganyen goro. Wani siririn Basine yana raba karta. Ɗana Ƙasimu na zaune ya naɗe hannun riga. Daura da shi Abdulƙadir, ɗan maƙwabcina, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Baba, ba nan ne banɗaki ba," in ji Ƙasimu.

Bai ko miƙe ba. Na ja ƙofar na rufe.

Sunana Tankari. Ban yi boko ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina fatoma a kasuwar goro a Kano. Ƙa'idarmu guda ce. Baƙo ya sauka gidanka, ya kwance kuɗinsa ya miƙa maka, kai ne rumbunsa har ya tafi. Ba takarda, ba shaida. Ko kwabo bai taɓa ciwon kai a hannuna ba.

Da Ƙasimu ya baro Bankok ya buɗe ofis a benen Tianxiu da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin, sai na ce gado ya yi. Duk ɗan kasuwar da ya zo mini da maganar Guangzhou, amsata ɗaya: "Je ka wurin ɗana. Jinina ne." Na turo masa mutum sun fi ashirin cikin shekara biyu.

Ni da Abdulƙadir jirgi ɗaya muka hau. Ni na zo a cire mini yanar ido, shi ya zo sarin jakunkunan mata da sautun mata goma sha ɗaya na layinmu. Sabuwa mai ƙosai ce ta tattara kuɗin, ta kawo su zaurena a ɗaure cikin ɗankwali. Ya ba da kafin alƙalami a wata masana'anta a garin Shiling, aka ce ya jira kwana ashirin. Cikon dala dubu biyar ya tambaye ni inda zai adana. Ni na nuna masa Ƙasimu da bakina.

* * *

Maidaji na samu a shagon taliyar Musulmin Sin da ke ƙasan benen. Mutumin Maraɗi ne, dattijo, takalma yake sara a kasuwar Zhanxi Lu. Na tambaye shi abin da na gani.

Ya daɗe yana hura romo.

"Alhaji, foka sunanta. Na zauna mata wata huɗu bara. Mota guda na bari a teburin nan."

"Wa ya ci?"

"Ka ga gwangwanin shayi kusa da gwiwar Basinen?"

"Na gani."

"To shi ne babban gwani. Kowane zagaye, kafin a tura wa mai ci kuɗinsa, sai an tsame biyar cikin ɗari an jefa ciki. Ba ka ji, kamar cizon sauro. Zagaye talatin a awa guda. Ku zauna daga azahar zuwa magariba, kuɗin na ta yawo tsakaninku, kowa na cewa yau na kusa. A tashi, gwangwani ya fi kowa nauyi. Voilà."

"Sauran fa?"

"Sauran na mai haƙuri ne. Karta ba ta haihuwa, Alhaji. Abin da ka ga wani ya kwasa, daga aljihun na kusa da shi ya fito. Gwani a raba masa sau goma, ya yar da takwas. Baƙo kuwa, musamman ku Kanawa, ba ya so a ce ya ji tsoro. Ko shara aka ba shi sai ya bi. Ranar farko ya ci ɗari biyu, ya ɗauka baiwa ce. Shi ke nan, ya faɗa tarko."

"Gwanaye ba sa cin juna?"

Ya yi dariya har ya ƙware.

"Kura ta ci kura? Idan babu baƙo, teburin ma ba ya zama. Jira suke jirgi ya sauka. Akwai wani teburin a hawa na sha huɗu, su ma jirgin suke jira."

Na tambaye shi gwangwanin na waye. Ya kalli kwanonsa.

"Rabi na Basinen ne," in ji shi. Bai ƙarasa ba, ni ma ban nema ba.

* * *

Da safe na sa Ƙasimu ya rufe ofis.

"Nawa ya rage cikin ajiyar yaron nan?"

"Dubu uku."

"Biyar ya ba ka."

"Shi ya riƙa karɓa, Baba. Ɗari uku yau, ɗari biyar gobe. Kuɗinsa ne. In hana shi?"

"Kuɗin Sabuwa ne."

"Ni Sabuwa ba ta ba ni komai ba."

Na dube shi da idon da ya biya aka gyara. Shekara shida rabon da in ga fuskarsa sarai. Ya yi furfura a gefen kunne. Ya gaji, kamar ni.

"Ban taɓa yi wa kowa maguɗi ba," in ji shi. "Ban ɓoye karta ba, ban ja hannun kowa ba. Mutum yana zaune kwana ashirin a otal, ba harshe, ba aiki, ruwan sama kullum. Da ƙafarsa yake shigowa."

"Saboda kuɗinsa na hannunka. Da suna ɗaure a ƙugunsa, sai ya ji zafin kwancewa."

Sannan ya yi magana a hankali, ba tsiwa, kuma hakan ya fi ciwo.

"Baba, la'adar kwantena nawa ce? Kuɗin haya ma ba ta biya. Hajjinka na bara, rufin gida, auren ƙanwata Radiyya, idon nan da kake harara ta da shi. Ka ɗauka daga jakunkuna suka fito? Mutanen da kake turowa ne."

Na nemi kujera na zauna.

Masana'anta ba ta sakin kaya sai da cikon kuɗi. Idan wa'adi ya wuce, kafin alƙalamin ma ya tafi, lawban, wato mai masana'antar, zai ɗaga kafaɗa ya ce meyo, babu. Saura kwana biyu.

"Cika masa," na ce.

"Ba ni da su a ƙasa. Abin da ke akwai dubu biyun da na ware wa idonka na hagu. Alhamis likita ya ce."

"Kawo."

"Baba, ko ka ba shi, ba Shiling za su je ba. Na san irinsu. Wanda aka ci ba ya ganin kuɗi, ramuwa yake gani."

"Kawo, na ce."

Ya buɗe sef ya ƙirgo dubu biyar, ya ajiye a gabana. Bai kalle ni ba.

* * *

Ya kamata in bi shi Shiling in biya da hannuna. Na sani. Amma a gidanmu ba a raka baligi kamar akuya. Idan za ka mayar wa mutum amanarsa, a hannu kake sa masa, ka kau da kai, kada ka ƙara masa kunya. Haka na yi shekara talatin da ɗaya.

A ƙofar benen na ba shi. Motar haya tana jira, Maidaji ne ya samo ta.

Abdulƙadir ya durƙusa a gaban mutane yana kuka.

"Baba Alhaji, wallahi tallahi na tuba. Idan na sake taɓa karta..."

"Kada ka rantse. Tashi. Sabuwa na jiran jakunkunanta."

Ya shiga mota. Na koma ciki na zauna a kujerar roba kusa da mai gadi, don likita ya hana ni hasken rana. 'Yan dako suna ta wucewa da kwalaye. Ina tunanin abin da zan faɗa wa matata Barira idan ta ga na dawo da ido guda. Ina tunanin mutum ashirin ɗin nan. Biyu daga cikinsu sun daina gaishe ni a masallaci, na ɗauka girman kai ne na waɗanda suka ga ƙasar waje.

Ba a yi minti goma ba ya dawo.

Ta ƙofar gefe ya shigo, kansa a sunkuye, hannunsa dafe da aljihun gaba. Bai gan ni ba. Ya kutsa cikin lif tare da 'yan dako.

Na buɗe baki. Ban kira shi ba. Ban taɓa ɗaga murya a bayan mutum a kasuwa ba, kuma kafin in yanke shawara ƙofar ta rufe.

Akwai jajayen lambobi a saman ƙofar. Makon jiya da ba zan gan su ba. Yanzu na karanta su tsaf. Tara, hawan Ƙasimu, ya wuce. Goma. Sha biyu. Sha huɗu, ya tsaya.

Na jira. Lif ya sauko da wata mata da kwalayenta.

Na sa tafin hannu na rufe idon dama. Na hagu bai nuna mini komai ba sai fari-fari, kamar ruwan koko. A haka na zauna har aka kira azahar.