Jirgin Kalilu

Malam Illo bai taɓa son Kalilu ba, ko sa'ad da ya ba shi 'yarsa Sadiƙa. Da surukin ya tsallake shanu da gona a Kurawa ya tafi Legas ya kama aikin girki a jirgin ruwa, sai ƙiyayyar ta samu wurin zama. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, babu aike, sai waya jefi-jefi. Ita ma wayar ta ɗauke. Tsoho ya rantse zai kai magana gaban alƙali a garin Isa a raba auren.

Abin da ya tare shi wani shafi ne a wayar Sadiƙa, inda ake rubuta sunan jirgi a ga inda yake cikin teku, har da hotonsa. Duk ranar kasuwar Sabon Birni, inda sabis ke kamawa, sai ta tura masa wayar a gaban hanci.

"Duba, Baffa. Yana tsakiyar ruwa. Hiffike garai da za shi taho?"

Illo ya yi tsaki ya kau da kai. Haushi kamar ya kashe shi, amma ba ya kai ƙarar mutumin da ruwa ya tsare.

Ran nan kuwa bai kau da kai ba. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ke gane saniyarsa cikin garken wani ko an shafe ta da taɓo.

"Wanga ba shi na ba."

"Shi na mana!"

"Na Kalilu baƙi na, da jan ciki. Wanga shuɗi na. Ke, ni za ki yi ma musanyen dabba? Hiddo min nashi."

Tun kafin layya Sadiƙa take zaɓo kowane jirgi ta gani nesa da gaɓa ta nuna masa, a zatonta duk ɗaya ne a idon tsoho. Ta karɓa ta rubuta sunan gaskiya, ta miƙa masa. Ga baƙin jirgi mai jan ciki, ɗaure a tashar Legas.

"Tun yaushe?"

"Tun kahin layya."

"Kuma kin sani."

Illo ya daɗe yana jiran ranar da zai kama Kalilu dumu-dumu, ga ta ta zo, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba. Sai yanzu ya gane kullum ita kaɗai take buɗe wannan hoton ta rufe.

"Motar Legas kullum tana tashi," ya ce a hankali. "Bai shigo ba."

Sadiƙa ta karɓe wayarta, ta kashe, ta cusa cikin hijabi.

"Kirawo mai babur, Baffa. Ni za ni yi ma alƙali bayani da bakina."