Gwajin Nonon Zalika

Sadisu ɗan dako ne a bakin iyakar Jibiya, gajere, ƙafafunsa a lanƙwashe kamar baka, rabin haƙoransa sun zube tun bai cika talatin ba. In an tsokane shi sai ya ce buhun masara ne ya mayar da shi haka, don tun yana ƙarami yake sauke lodi daga manyan motocin Maraɗi. Kowa ya yarda, shi ma ya yarda. Mahaifiyarsa Inna Nana ma haka ƙafafunta suke, ita kuma tulun ruwa take ɗora wa laifi.

Matarsa Zalika, 'yar garin Ɗan Isa na tsallaken iyaka, ta haifa masa maza biyu miƙaƙƙu, sannan ta haifi Mutmainna. Da yarinyar ta fara tafiya sai ƙafafunta suka soma buɗewa. Ita dai ba ta taɓa ɗaukar buhu ba balle tulu, don haka dole a samo mai laifi. Inna Nana ta sa aka tatsi nonon Zalika a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. Tururuwa ta yi 'yan zagaye ta mutu, wadda ko a ruwan randa aka jefa ta ai mutuwar za ta yi. Nan take tsohuwa ta yanke cewa nono ya ɓaci, shi ke cinye ƙashin jikarta. Aka yaye yarinya da ƙarfi, gori ya yi yawa a gida, kafin shekara ta zagayo Sadisu ya rubuta wa Zalika takarda. Ta tsallaka iyaka da ƙullin kayanta, ba ta yi musu ba, domin ita ma ta yarda.

Shekara uku ƙafafun ba su miƙe ba, sai ma haƙoran yarinyar da suka riƙa ƙurji. Daga ƙarshe aka tura su babban asibiti a Katsina, aka ɗebi jini da fitsari. Likitar ta ƙare wa ƙafafun Sadisu kallo kafin ta duba na 'yarsa. Ta ce akwai wani sinadari, fosfet, da ƙashi ke ƙarfi da shi. Ƙoda tana tace jini, kuma tana da ƙananan ƙofofi da ke maido sinadarin cikin jiki kada ya bi fitsari. To ƙashin Mutmainna yana aika wa ƙodar saƙo ta cikin jini, fiye da kima, cewa ya ƙoshi. Ƙoda kuwa ba ta gardama, sai ta janye ƙofofin, sinadarin ya zube, ƙashi ya zauna da yunwa. Wannan Sadisu ya gane shi sarai, don ya ga lokacin da umarni ya zo daga sama aka rufe iyaka, masu gadi suka bi, 'yan dako suka wuni ba abin sawa a baki.

Ya tambaya ko nonon uwa na jawo haka. Likitar ta ce ko kusa. Gado ne, uba mai shi yana ba duk 'ya'yansa mata, ba ya ba maza, shi kuma daga uwarsa ya karɓa. Ta rubuta magani, ta ce sau huɗu a wuni, ba fashi, shekara da shekaru, in ana son ƙafafun su gyaru kafin ƙashi ya gama tsayawa.

Inna Nana ta ce ƙaryar boko ce, ba za ta ba jikarta wani magani da sunan wai ita ce tushen ciwo ba. Sadisu kuwa tun safe yana bakin iyaka. Wa zai ba da magani sau huɗu in ba uwa ba? Ya san Zalika ta yi aure a Ɗan Isa, amma ya sa rai ko za ta karɓi riƙon 'yarta. Kunya ta ishe shi, haushin kansa kuma ya fi kunyar.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, ya tsare Zalika wajen shingen duwan, wato kwastan, tana ɗauke da ƙwaryar kuka. Ta rame ƙwarai. Suka gaisa kamar baƙi, ya ciro takardar asibiti, ya kwashe bayanin ƙoda da saƙo da ƙofofi ya faɗa mata, yana inda-inda. Ya ce nononta lafiya lau yake, tun can ma lafiya yake, ciwon daga jininsa ne.

Zalika ta sauke ƙwaryar a hankali.

"Baban yara, yaushe likita taf faɗi maka wanga zance?"

Ya ce sati biyu ke nan.

"Na haihu da damana," ta ce. "Namiji. Ban ba shi nono ba ko sau guda, tsoro nike kar in lalata shi kamar ɗiyarka. Mijina ya yi faɗa, ungozoma ta yi, na ƙiya. Madarar akuya na riƙa ba shi da ruwan rijiya. Kwana talatin da ɗaya ya yi, zawo ya tafi da shi."

Wata babbar mota ta tsaya, 'yan dako suka ruga, ana kiran Sadisu bai ji ba.

Ta ce ya kawo Mutmainna Lahadi mai zuwa da maganinta, ita za ta riƙa ba ta, ɗiyarta ce. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, sannan ta dube shi.

"Kai dai kada ka biyo ta. Ka aiko ta da direba."