Ranar da Aka Buɗe Labo

Jamila ta bar lisen Madarumfa, babbar makarantar sakandare, tana ɗaliba, ta dawo cikinsa tana malama bayan shekara goma sha ɗaya. Ƴar Safo ce, ta yi jami'a a Maraɗi, ta koyar a wasu garuruwa biyu kafin a maido ta gida don ta riƙe kimiyyar halittu. Ta tarar da sauye-sauye. Inda suka zauna cikin rumfunan zana an gina kilas huɗu na siminti, dogon yaron da suka dasa da hannunsu ya yi inuwar da malamai ke ajiye moto, filin ƙwallo kuma ya samu raga. Amma ɗakin da ke ƙarshen baranda yana nan yadda ta san shi, da koren ƙyaurensa da ƙaton kwaɗo. An rubuta "labo" a samansa, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, fentin ya kusa gogewa.

A sati na uku tana zana ƙwayar halitta a allo, a kilas ɗin segwan, ƴan shekarar farko ta lise. Ta zagaye da'ira, ta ɗiga tsakiya, ta ce duk abin da ke da rai da irin wannan aka gina shi. Wata yarinya a benci na biyu ta ɗaga hannu. Sunanta Rahama, ɗiyar wani masunci ce daga bakin tabki.

"Madam, ke kin taɓa ganin ta da idonki?"

Ƴan kilas suka yi dariya. Jamila ba ta yi ba.

"Na gani. Amma sai da na je jami'a."

"To mu da ba mu san ko za mu kai can ba fa?"

Jamila ta ce ta zauna, ta ci gaba da darasi. Amma da aka tashi, ofishin Mushe Salisu ta nufa, furobizar, wato shugaban makarantar. "Mushe" ake ce wa malami namiji, kamar yadda ake ce mata "Madam". Mutum ne mai natsuwa, tsohon malamin Faransanci, ba ya son abin da zai jawo masa tambaya daga sama. Ya saurare ta har ta gama, yana juya bik ɗin rubutu a hannunsa.

"Madam Jamila, mutum huɗu suka riƙe kujerar nan kafin ni, ba wanda ya taɓa kwaɗon can. Yadda aka miƙa mani shi a rufe, haka zan miƙa shi. In abu ya lalace a rufe, ba laifin kowa. In ya lalace a buɗe, ni za a kira."

"Mushe, ai ko a rufe yana lalacewa."

"Ba wuta ma a ɗakin."

"Bari dai mu ga abin da ke ciki."

Ya ce zai yi tunani. Ta san ma'anar wannan.

Baba Habibu mai gadi ne ya ba ta labarin ɗakin. Tun ana aza tubalin farko yake makarantar, ya san wanda ya haƙa rijiya da shekarar da aka fara karɓar ƴan mata da yawa. Ta same shi yana ba shukoki ruwa, ta gaishe shi, ta tambaye shi.

"Ɗiyata, ni na sauke akwatunan nan daga mota da kaina," in ji shi. "Goma sha biyu ne. Shekarar da gulbi ya cika ya ci gonakin fadama aka kawo su. Akwai wani malami, Mushe Hassan, shi ya yi ta rubuta takardu har aka samo su. Ranar da suka iso har rawa ya taka a tsakar makaranta. Kafin a gama sa tebura aka canza mishi wurin aiki. Da zai tafi ya ce mani, Habibu, a kula da ɗakin nan, wani zai zo. To ni abin da na iya shi ne in ɗiga ma kwaɗon mai kowace damina."

Jamila ta koma wurin Mushe Salisu sau uku. A na ukun ta tafi da takarda da ta rubuta da hannunta, cewa ita ta nemi a buɗe, kuma duk abin da ya faru ita za a tambaya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya jawo aljihun tebur ya lalubo mabuɗi daga ƙarƙashin tsofaffin takardu.

"Asabar da safe," ya ce. "Kuma ina wurin."

Kwaɗon ya buɗe ba gardama, Baba Habibu ya dube su ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida. Ƙyauren ne ya ƙi, sai da samari biyu suka sa kafaɗa. Wari ya fito, jemagu biyu suka bi ta kan Mushe Salisu har hularsa ta faɗi. Gara ta cinye kabad ɗaya gaba ɗaya, zanzaro ya yi gida a kowace kusurwa. Amma teburan na siminti ne, akwatunan kuma a kansu suke, ba a ƙasa ba.

Jamila ta buɗe na farko. Mikiroskop ne baƙi, na'urar ganin ƙananan halittu, a naɗe cikin leda. Ta duba ƙasansa ta ga ɗan madubi mai juyawa, ta yi ajiyar zuciya.

"Mushe, wannan ba ya son wuta. Hasken rana yake so."

Biyar daga ciki ruwan rufi ya ɗiga musu, gilasansu sun yi fari kamar idon makaho. Bakwai lafiya lau. Ɗalibai talatin da suka zo suka yi shara, suka wanke tebura, suka ɓalle tagogin da tsatsa ta kama. Kafin azahar ɗakin ya zama ɗaki.

Ran Litinin Rahama ta zo da kwalbar ruwan tabki, kore-kore, wanda babanta ya ɗebo mata daga cikin ciyawar gefe. Jamila ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ta juya madubin har haske ya shiga, ta daidaita. Sannan ta ja baya.

"Ke kika yi tambaya. Zo."

Rahama ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Can ta ɗago ta dubi ɗigon ruwan da idonta, ta sake leƙawa.

"Madam, suna tafiya! Wallahi akwai wani mai gashi-gashi, yana juyawa!"

Kilas ya rikice. Aka yi layi bakwai, ana ture-ture, wani na cewa wanda ya gani kamar takalmi yake, wani na rantsuwa ba zai ƙara wanka a tabki ba. Aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Sati biyu ana haka. Suka duba ɓawon albasa, da ganyen rama, da fiffiken ƙuda. Ranar wata Alhamis hadari ya rufe rana, hasken ya ragu. Rahama ta ɗauki mikiroskop ɗin layinsu da hannu ɗaya za ta matsa kusa da taga, gefen hijabinta ya maƙale a ƙusar benci. Ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Madubin ya tarwatse, bututun da ake leƙawa ya gangara ƙarƙashin tebur.

Mushe Salisu ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ɓaraguzan. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu, Jamila ta sa masa mabuɗin.

Rahama ba ta zo Juma'a ba, ba ta zo Litinin ba. Ran Talata da la'asar Jamila ta hau moto ta bi hanyar tabki tana tambaya har aka nuna mata gidan Malam Idi masunci. Ta same shi a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Suka gaisa, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma.

"Madam, ni ban san mi ya samu yarinyar nan ba. Ba ta cin abinci. Ta ce ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa."

Rahama ta fito idonta a kumbure, ta durƙusa nesa.

"Mi ya hana ki zuwa?" in ji Jamila.

"Madam, shekara da shekaru ɗakin na rufe. Kika sa aka buɗe, ni na sa aka sake rufewa. Da wane ido zan dubi ƴan kilas?"

"Wa ya nuna maki yadda ake ɗaukar shi?"

Rahama ta sunkuyar da kai. Jamila ta amsa da kanta.

"Ba kowa. Aikina ne in nuna maku, ban yi ba, ɗoki ya ɗauke ni kamar yadda ya ɗauke ku. Gobe ki zo da wuri. Akwai aikin da za mu yi ni da ke."

Malam Idi ya ajiye allurarsa. "Wai da gaske ne abin da take faɗi? Ruwan ga da nake ciki tun ina yaro, akwai wasu halittu a ɗigo guda?"

"Baba, in an sake buɗewa ka zo ka gani."

Washegari Jamila ta roƙi Mushe Salisu mabuɗin na awa ɗaya kawai. Ya ce sai dai ya zauna a wurin. Ita da Rahama suka sauko da ɗaya daga cikin biyar ɗin da ruwa ya ɓata, suka kwance madubinsa da ƙaramin sukundireba, suka ɗaura a kan wanda ya faɗi. Bututun bai fashe ba, lanƙwasa kawai ya yi a baki. Suka musanya shi. Rahama ce ta daidaita hasken, ta sa ɓawon albasa, ta leƙa, sannan ta ja baya.

"Mushe, ka duba ka tabbatar," in ji Jamila.

Mushe Salisu ya matso. Ya cire tabarau, ya sunkuya. Ya rufe idon da bai kamata ba, Rahama ta ce a hankali, "Mushe, ɗayan." Ya gyara. Minti ya wuce.

"Kamar ginin tubali," ya ce, bai ɗago ba. "Layi-layi. Wannan duk a cikin albasar da muke ci?" Ya miƙe yana murza ido. "Shekara ashirin da shida ina koyarwa, yau na fara leƙa abin nan."

Ya ciro mabuɗin ya ajiye a kan tebur. Ya ce a rubuta dokokin ɗakin a manna a ƙofa, kuma kada kowa ya taɓa komai sai an koya masa. Jamila ta ce Rahama ce za ta riƙa koya wa sababbi yadda ake ɗaukar mikiroskop, hannu ɗaya a wuya, ɗaya a ƙasa.

Malam Idi ya zo ranar wata Asabar da abokan sana'arsa uku, suka leƙa, suka yi ta salati, suka tafi suna musu a kan ko kifi na cin abubuwan.

A watan Fabrairu aka yi wasan ƙwallo tsakanin lisen da ɗaliban garin Ɗan Issa, ranar Laraba da marece. Baƙin suka zo cike da mota biyu, da ganga. Kafin a busa usur malamin kimiyyarsu ya nemi Jamila, ya ce yaransa sun ji labari, ko za a bar ƴan kaɗan su leƙa. Ƴan kaɗan suka zama arba'in. Layi ya fito daga labo ya bi baranda, Baba Habibu na tsaye da sanda yana shigar da su bakwai-bakwai.

Ƴan Ɗan Issa suka ci wasan biyu da ɗaya. Bayan an tashi, malamin nasu ya tsaya da Mushe Salisu a ƙarƙashin dogon yaro, ya tambaya ko zai iya kawo ƴan ajin jarrabawarsa sau ɗaya a wata. Mushe Salisu ya ce ranar Asabar ta fi, kuma su zo da albasarsu.